Farashin Albasa a Liba

Innata ba ta taɓa kama sunan yayana ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma a gidanmu na Jega Firchin, kamar sauran gidajen da na sani, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta sakar masa fuska gaban mutane, ba ta tambaya ko ya ci abinci. In tana nemansa sai ta ce da ni, "Auta, kira wancan." In ya dawo daga tafiya ya durƙusa gaisuwa, tana kallon turmi take amsawa. Ni kuwa har na yi gemu tana kama kunnena a tsakar gida, ta zage ni tas, sannan ta tura mini ƙanzon da ta ɓoye. Da ƙuruciya na ɗauka ni ake so, shi haƙuri ake yi da shi. Ya san ina tunanin haka, ya bar ni da wautata.

Yaya manomin albasa ne tun tasowarsa. Ni aka sa boko, na yi ta tangal-tangal har na faɗa karatun kwamfuta, na dawo gida na kama ɗan shago kusa da tasha, kwamfuta uku da janareta mai tari. Jihar Kebbi tana da sauran ƙuruciya a lokacin, ana ganin tsofaffin motoci da lambar Sakkwato suna yawo abinsu, intanet kuwa sabuwar baƙuwa ce, sai an lallaɓa take shigowa. Yaya na cikin ƙungiyar manoman albasa da ta haɗa mutanen Jega da Aliero da Maiyama da ƙauyukansu irin su Alelu da Liba. Aikinsa a ƙungiyar shi ne ya hau babur ya bi kasuwanni da ƙauyuka ya ji yadda buhu ya kwana, don kada dillali ya zo ya gaya wa mutumin ƙauye abin da ya ga dama. Shi ya kawo shawarar a yi wa ƙungiya manhaja a intanet, kowane gari da shafinsa, a ajiye kwamfuta ɗaya a ofishin Aliero, ɗaya a Maiyama, ta Jega kuwa shagona. Shi kuma ya tsaya gaban dattawa ya ce ƙanensa zai iya. Bai tambaye ni ba kafin ya faɗa.

Na farkon da na yi, kunya ma nake ji in tuna shi. Shafi na gina, na kwafe shi, na canza sunan gari, na sake kwafewa. Ba a daɗe ba abin ya watse mini. Aka sauya ranar taron ƙungiya, na gyara a shafin Jega da na Aliero, na manta na Alelu, mutanen Alelu suka yi wanka suka zo ranar da ba kowa. A wani shafin jerin garuruwa na dama, a wani yana hagu. Wani dattijo ya ce shi duk shafin da ya shiga sai ya ji kamar ya kwana gidan baƙi, bai san inda buta take ba. Yaya ya zauna a bencin shago yana dariya har da riƙe ciki.

"Malam na'ura," ya ce, "wanga aiki naka kama da gonar malalaci. Kowane fangali da nashi tsawo."

Na ce ya tashi ya ba ni wuri, tunda bai san komai ba sai taki. Ina da saurin fushi, kowa ya san ni da shi, shi kuwa Yaya ya fi kowa iya kunna ni.

Amma na rushe komai na sake gini. Na yi kai guda ɗaya, wato saman shafi mai ɗauke da sunan ƙungiya da hoto. Na yi gefe guda, inda sunayen garuruwa ke jere. Na yi ƙafa guda, mai ranar taro da wurinsa. Sai ɗan akwatin farashi, shi ma guda, wanda duk garin da ka ba shi zai nuna nasa. Kowane shafi ba ya riƙe da waɗannan a cikinsa, kiransu yake yi in an buɗe shi. In na taɓa kai sau ɗaya, duk shafuka sun canza tare. Da na nuna wa Yaya, na gyara ranar taro a wuri ɗaya na buɗe masa Alelu da Liba da Maiyama ya ga duk sun amsa, sai ya gyaɗa kai ya ce ai ban ruwa ne wannan, hanyar ruwa ɗaya, fangali da yawa. Ya ce yanzu na fara hankali.

Daga nan na zama sarkin taurin kai a kan tsarin. Mutanen Maiyama suka ce su kore suke so, na hana. Wani mai kuɗi a Aliero ya ce a sa hoton motarsa a shafinsu, na ce ya je ya liƙa a ƙofar gidansa. Dalilina ba iyayi ba ne. Yawancin masu zuwa ba su karanta boko ba, wuri suke riƙewa. Tsoho ya san garinsu ne na ƙasa a gefe, ya san lambar da yake nema tana cikin akwatin tsakiya, ko'ina ya shiga a nan zai same ta. Ka matsar da abu ɗaya, ka ɓatar da mutum.

Saura hoton da za a sa a kai. Na aro kyamara wurin wani malamin sakandare, Kirista ne daga kudancin Kaduna, mutumin kirki da ke zuwa shagona buga takardu. Na bi Yaya fadamar Aliero da hantsi. Gona na je ɗauka, don shi Yaya ba ya son hoto ko kaɗan, ko a bikinsa gudu ya yi wa mai hoto. Yana sunkuye cikin fangali yana cire ciyawa, na ce ya kauce ya ɓata mini wuri. Ya ɗago ya juyo zai rama, bakinsa a buɗe rabi dariya rabi zagi, laka har gwiwar hannu, hannuna ya danna. A bayansa albasa kore shar har ƙarshen ido, da giginya ɗaya can nesa. Dattawan ƙungiya suka ce shi za a sa, ai manomi aka ce, ga manomi. Ya yi ta mita har ya gaji.

Sabis na lokacin ba ya ɗaukar hoto mai nauyi, sai ka buɗe shafi ka je ka yi alwala ka dawo bai gama sauka ba. Don haka na yanke hoton ya zama siriri mai tsawo daidai saman shafi, na rage masa nauyi iya ragewa. Haka kowa ke yi. Na mayar da kyamara, malamin ya goge katinsa ya ɗauki na bikin wani, daga baya aka yi masa canjin wurin aiki. Ba wanda ya yi tunanin komai, mai hoton yana nan da ransa, kullum yana shigowa ya zubar mini da ƙasa a shago.

Damina ta biyu bayan haka zazzaɓi ya kama shi a hanyar dawowa daga Maiyama, ruwa ya dake shi a kan babur. Muka ɗauka na kwana biyu ne. Kafin mako ya zagayo mun kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ni na yi kuka kamar ƙaramin yaro, har liman ya dafa ni ya ce in ji tsoron Allah. Inna kuwa ko ɗigon hawaye ba a gani ba. Ita ke ba masu gaisuwa ruwa, ita ke ba matar Yaya haƙuri, in an ce mata ya haƙuri sai ta ce, "Da godiya," ta gyara zama. Mata suka yi ta yaba ta, wai ga mace mai kunya, ɗan fari ya tafi ko gezau. Na ji haushin yabon nan, na ji haushinta ita ma. Sai da aka watse muka nemi hotonsa a gida, ko na katin zaɓe, ba mu samu ba. Abin da ya rage na fuskarsa a duniya shi ne siririn nan da ke saman shafukan ƙungiya.

Inna ba ta taɓa shiga shagona ba kafin rasuwar. Tana cewa talabijin da ba ta magana ba ta ga amfaninta ba. Sana'arta gabu, ta daka lawashin albasa ta dunƙula ta shanya, ranar kasuwa ta ɗora faranti ta fita, kuma tsufa ya ba ta damar fita ba mai cewa don me. Bayan sadakar arba'in, wata ranar kasuwa, sai ga ta a ƙofar shago. Ta sauke faranti, ta zauna a benci bayana, inda Yaya ke zama, warin gabu ya cika wurin.

"Auta," ta ce, "mi albasa ta kai Liba?"

Liba garinsu ne, can aka auro ta, can ƙanenta yake da gonarsa. Na buɗe shafin Liba. Kai ne ke fara sauka, a hankali, daga sama zuwa ƙasa: giginya, hula, goshi, sannan bakin nan a buɗe. Na karanta mata farashi. Ta ce to.

"Alelu fa?"

Na buɗe Alelu. Ta tambayi Aliero, ta tambayi Maiyama, ta koma Liba wai ta manta abin da na ce. Sannan ta ɗauki farantinta ta tafi.

Na san ba ta da albasa. 'Yar wadda Yaya ya noma mata ya zuba a rudu, rumbun karan da muke ajiye albasa, ni da hannuna na sayar mata tun kafin ruwa ya sauka. Mako na gaba da ta dawo, na karkata allon kaɗan yadda nake ganin inuwarta a gilashi. Ba akwatin farashi take kallo ba, ai ba ta iya karanta shi. Idonta na sama. Ba ta ƙifta ba har na gama karatu, kuma leɓenta na motsi kaɗan. Na yi tari na ɗora wa janareta laifi. Duk haushin da na riƙe tun ranar zaman makoki ya zube a wurin, tausayinta ya kusa kashe ni.

Muka mayar da shi al'ada. Ranar kasuwa in ta shigo sai in kori duk wanda ke kan kwamfutar tsakiya, ko ya biya kuɗin awa. Na koyi jan karatun farashi, in faɗi na buhu, in faɗi na makon jiya, in ƙara da labarin motocin kudu da ba ta tambaya ba. A karo na farko a rayuwata na gode wa Allah da rashin ƙarfin sabis. Ita kuma ta iya nata ɓangaren, har tsaki take yi ta ce dillalai ba su da tsoron Allah. Uwa ce ke kallon ɗanta na fari ido da ido, iya son ranta, a gaban mutane, kuma ba wanda zai ce ta yi rashin kunya, don farashin albasa ta zo ji.

Wata rana ana kan shafin Liba ta miƙa yatsa, ba wajen fuskar ba, can gefe.

"Wagga fadamar kawunka ce," ta ce. "Ga giginyarsu can. Nan munka yi wasa muna yara."

Sai na gane abin da ta ɗauka. A wurinta kowane gari da hotonsa. Na Liba a Liba aka ɗauka, na Alelu a Alelu, wancan yana nan yana zagaya garuruwa kamar yadda ya saba, duk inda ta leƙa ta tarar ya riga ta isa. Har ta ce na Liba ya fi sauran haske. Ni mai gyara wa kowa magana, ban gyara mata ba. Na ce, "Haka ne, Inna."

Muka yi watanni a haka, har aka fara dashen sabuwar albasa. Sai shugaban ƙungiya, wani Alhaji dattijo mai sanyin magana, ya aiko in same shi a Aliero. Ya ja ni gefe ƙarƙashin rumfa, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya iso. Matar Yaya 'yar kawuna ce, ta Liba, auren zumunci aka yi. Ta gama takaba ta koma gidan ubanta, yarinya ce da sauran ƙuruciya, har an fara zuwa gaisuwa. Kawu ya zo ya sami Alhaji. Ya ce mutanen Liba kullum suna ofishin Maiyama duba farashi, kullum marigayi na yi musu dariya daga sama, masu neman auren suna jin nauyi, yarinyar kuma ranar da ƙannenta suka ba ta labari kwana ta yi ba ta ci abinci ba. Ya roƙi arziki a sauke hoton. Wasu malamai a ƙungiyar ma dama suna ganin wanda ya riga mu gidan gaskiya addu'a yake buƙata, ba a rataye shi ana kallo ba.

Na taso da zafi. Na ce ranka ya daɗe, wa ya kawo manhajar nan, wa ya ci ruwan sama a kanta har ya mutu? Alhaji ya bari na gama. Ya ce, "Ɗana, ba wanda ya manta. Amma mai rai ita ma tana da haƙƙi." Kawu bai yi laifi ba, 'yarsa yake dubawa. Alhaji bai yi ba. Kuma ba zan iya cewa innata na zuwa kallo ba, don in na faɗa na tone mata asiri gaban maza, na kwance mata zanen da ta shekara da shekaru tana ɗaurawa. Na ce a ba ni mako ɗaya.

Ranar kasuwa ta zo, muka yi zagayenmu. Da ta kai hannu ga faranti na ce, ba tare da na juyo ba, "Inna, ƙungiya ta ce a canza saman shafukan nan. Tulin albasa za a sa."

Janareta na ta tarinsa a waje.

"Su canza," ta ce. "Nasu ne." Ta ɗora faranti, ta kai ƙofa, ta tsaya. "Na Liba dai ba ya tare ma kowa hanya. Wa ke buɗe Liba in ba ni ba? Su ɗauke sauran, su bar wanga yadda yake."

A iya sanina da ita, ba ta taɓa roƙon wani abu da ya shafi Yaya ba sai ranar. Kuma shafin da ta roƙa shi ne wanda ba zai yiwu a bari ba. In gaya mata ƙanenta ne ya nema, in haɗa ta da shi da 'yarsa da ta fito takaba? Sai na fake da aikina, na gaya mata gaskiyar da ta fi sauƙin faɗa. Na ce ba a iya barin ɗaya, don ba su da yawa. Na ce kai ɗaya ne duk shafukan ke kira, in an sauke a wuri ɗaya an sauke ko'ina.

"Hoto guda ne, Inna. Shi ne a Liba, shi ne a Alelu, shi ne a Maiyama."

Ban taɓa furta kalmar hoto a gabanta ba sai lokacin. Ta tsaya da faranti a ka tana kallon titi.

"Ashe ba fadamar kawunka ba ce," ta ce.

"Aliero ce."

"To." Ta fita.

Na sauke hoton washegari da safe. Layi ɗaya na canza. Na bi shafukan ɗaya bayan ɗaya ina buɗewa, ko'ina tulin albasa ja, tsaf, ba wanda ya kauce. Tsarin da nake alfahari da shi ya yi aikinsa ba kuskure, na zauna ina kallonsa ina jin kamar in ɗaga kwamfutar in maka da ƙasa.

Hoton dai yana hannuna, ban goge ba. Na tafi Birnin Kebbi wurin masu wanke hoto na ce a faɗaɗa shi a sa a firam. Mai shagon ya gwada, ya juyo mini da allo. A ƙaramin nan na saman shafi Yaya ne sak, amma da an ja shi sai fuskar ta farfashe ta zama 'yan murabba'ai, baki da hanci su haɗe, ba ka ce ga mutum ba. Na rage masa nauyi tun farko, abin da aka zubar kuma ba ya dawowa. Aka wanke mini ƙaramin, tsawon tafin hannu, a takarda ya fito dishi-dishi, hasken allo ne ke riƙe da shi ashe. Ko da ya yi kyau ma, a ina za ta ajiye? Uwa ba ta rataye hoton ɗan fari a ɗakinta. Na sa shi a aljihu na dawo.

Sai na yi abin da na ga shi ne gata. Ni da na hana Maiyama kore, na gina shafi ɗaya da ba ya bin tsarin kowa. Ba gefe, ba ƙafa, ba akwati, ba hanyar da wani zai bi ya same shi. Farin fili, da hoton a tsakiya. Na ce wannan nata ne ita kaɗai, ba Alhaji, ba Kawu, ta kalla har ta gaji.

Ta yi mako biyu ba ta zo ba. A na uku ta shigo, ta sauke faranti, ta zauna. Na sallami mutane, na janyo ƙofa.

"Mi albasa ta kai Liba?" ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

Ni kuwa da zumuɗina, maimakon Liba sai na buɗe mata shafin nata. Ya sauko a hankali, giginya, hula, goshi. Na matsa gefe na ba ta wuri, na juyo ina kallonta, ina jiran in ga ta ji daɗi.

Ta dube shi kamar ƙiftawar ido. Sai ta kawar da kai gaba ɗaya zuwa bango, ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta, kamar yadda take yi in ya shigo tsakar gida.

"Ina farashin?"

"Babu, Inna. Wannan naki ne. Na yi miki ne ki..."

"Farashi na tambaye ka."

Ba abin da za ta tambaya a shafin nan, ba abin da zan karanta mata, ba inda za ta ce idonta yake in ba kan ɗanta ba. Ga shi na rufe ƙofa, ga ni tsaye ina kallonta. Na ɗauke mata albasar da take fakewa a bayanta, na bar ta da shi fuska da fuska, kuma na nuna mata cewa tun ranar farko na sani. Ta tashi, ta ɗora faranti da kanta, ba ta bari na taya ta ba. A ƙofa ta ce in buɗe wa mutane, kada su ce wani abu ake yi.

A ranar na ga hanyar da ta dace, kuma ba wuya gare ta. Na koya wa kan shafi ya duba wanda ya shiga. In kowa ne, tulin albasa. In an shiga da wata lamba da ni kaɗai na sani, sai ya kira tsohon hoton, sauran komai yana wurinsa, gefe da ƙafa da akwatin farashi, Liba da Alelu da Maiyama, kamar ba a taɓa komai ba. Kafin la'asar na gama. Na gwada, ya yi. Na zauna ina zagaya garuruwan ni kaɗai.

Ranar kasuwa na shiga da lambar tun da hantsi, na buɗe Liba, na hana kowa zama a kwamfutar tsakiya. Ta zo wucewa, ta tsaya a bakin ƙofa, ta tambaya ko na karya, ta ce rigata ta yi datti kamar ba ni da mata. Ba ta shigo ba. Mako na gaba ma haka, da na bayansa. A gida ba abin da ya canza, tana zagina, tana ajiye mini ƙanzo. Na yi ta jira ta manta, ko ta yi kamar ta manta, don ni a shirye nake in yi kamar ban taɓa sani ba har ƙarshen rayuwata.

Da aka fara cire sabuwar albasa, kasuwa ta cika da buhuna har bakin tasha, na kasa daurewa. Ta tsaya a ƙofa kamar kullum, faranti a ka. Na gyara murya, na yi maganar kamar ba komai.

"Inna, albasa ta tashi a Liba. Ki shigo in karanta miki."

Ta dube ni, ba fushi a fuskarta. Daga inda take, da ta ɗan karkata kai za ta hango saman allon. Ba ta karkata ba.

"Ba ni da albasa, Auta," ta ce. "Kai ma ka sani."

Ta gyara gammonta ta shiga kasuwa.